Asibitin Jeka-ka-dawo: Matakin da ke Tsakanin Gida da Gadon Asibiti

Duk ɗalibin sakandare ya san bambancin da ke tsakanin makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo. Ɗan makarantar kwana a can yake ci, a can yake barci, sai hutu ya zo sannan ya ga gida. Ɗan jeka-ka-dawo kuwa da safe yake fita, ya wuni a hannun malamai, da la'asar ya komo hannun iyayensa. Likitocin ƙwaƙwalwa su ma suna da irin wannan rabo a aikinsu, ko da yake mutane kaɗan ne a cikinmu suka taɓa jin labarinsa. Abin da muka sani abu biyu ne: ko dai a ba mara lafiya gado a kwantar da shi, ko kuma a rubuta masa magani a ce ya dawo bayan wata guda. To, akwai mataki na uku a tsakani, wanda za mu kira asibitin jeka-ka-dawo, ko asibitin wuni. A nan mara lafiya yake zuwa kullum da safe, ya shafe sa'o'i biyar ko shida ana yi masa magani mai zurfi, sannan ya koma gida ya kwana. A ƙasar Amurka wannan tsari ya kafu sosai, yana da dokoki da ma'auni, kuma yana cikin abubuwan da ake fara gabatar wa iyayen matashin da hankalinsa ya shiga mawuyacin hali. Saboda haka daga can za mu ɗauko yawancin bayaninmu, kafin mu ga yadda wani likita ɗan Nijeriya ya ba tsarin wata sura tasa ta daban.

Me ya sa matasa?

Kafin mu shiga asibitin, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa ake yawan ambaton masu shekara 18 zuwa 25 a wannan fanni. Wani babban bincike da Ronald Kessler da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa rabin cututtukan da suka shafi hankali da ɗabi'a suna fara bayyana ne kafin mutum ya wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin ya wuce 24. Ciwon sikizofireniya, wanda ke sa mutum jin muryoyin da babu su ko ya yi imani da abin da ba shi da tushe, galibi a ƙarshen shekarun balaga ko farkon shekaru ashirin yake faɗo wa namiji, mace kuma yakan ɗan jinkirta mata. Haka nan ciwon da ke kai zuciya ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa ta ramin baƙin ciki, shi ma a wannan tsakani yake yawan somawa.

Masana sun gano cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaba, wanda ke bayan goshi, shi ne na ƙarshe wajen kammala girma, kuma ba ya gama nuna sai mutum ya kai kimanin shekara 25. Wannan ɓangare shi ke auna sakamakon aiki kafin a yi shi, shi ke taka wa fushi da sha'awa birki. Ga shi kuma a daidai wannan lokaci ne matashi yake barin gida zuwa jami'a ko neman aiki, barcinsa ya rikice, wani ya haɗu da wiwi ko ƙwayoyi. Ke nan nauyi mafi girma yana sauka a kan ginin da bai gama bushewa ba.

Inda tsarin ya samo asali

Asibitin wuni na farko da tarihi ya rubuta an buɗe shi ne a birnin Mosko a farkon shekarun 1930, kuma ƙarancin gadaje ne ya haife shi. Marasa lafiya sun yi yawa, wurin kwanciya ya yi kaɗan, sai aka ga waɗanda ke da inda za su kwana ai ba dole ne a riƙe su da dare ba. A 1946 Dakta Ewen Cameron ya buɗe irinsa a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, kusan lokaci guda kuma Joshua Bierer ya kafa nasa a Landan. Shi wannan Cameron daga baya sunansa ya ɓaci ƙwarai, domin an gano ya yi wa marasa lafiya gwaje-gwaje masu cutarwa ba da saninsu ba, da kuɗin hukumar leƙen asirin Amurka. Mun kawo wannan ne don ɗalibi ya san cewa tarihin wannan fanni yana da tabo, kuma daga irin waɗannan tabban ne aka tsananta dokokin neman yardar mara lafiya, waɗanda za mu gamu da su nan gaba.

Abin da ya ba tsarin ƙarfi na gaske shi ne samun magani. A 1952 wasu likitoci biyu a Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna cewa maganin kulofuromazin yana kwantar da rikicewar hankali. Da aka sami abin da zai natsar da mutum ba tare da ɗauri ko kulle ba, sai hujjar tsare dubban mutane a manyan asibitoci shekara da shekaru ta yi rauni. A 1963 Shugaba Kennedy ya sa hannu a kan dokar kafa cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni, aka kuma sa jinyar wuni cikin ayyukan da wajibi ne kowace cibiya ta riƙa yi.

Matakai biyu na jeka-ka-dawo

A Amurka tsarin ya kasu gida biyu, kuma yawan sa'o'i ne ya raba su. Na farko shi ne wanda suke kira rabin kwanciya, suna taƙaita sunansa da PHP. Ma'aunin da inshorar gwamnati ta Medicare ta gindaya shi ne aƙalla sa'a 20 a mako, amma a aikace yawancin cibiyoyi kwana biyar suke yi, sa'a biyar zuwa shida kowace rana, na tsawon makonni kaɗan. Na biyu ya fi sauƙi, ana ce masa IOP: aƙalla sa'a 9 a mako, wato kamar sa'a uku sau uku, wani lokaci da yamma don mai karatu ko mai aiki ya sami zuwa, kuma yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Medicare ba ta fara biyan kuɗin wannan na biyu a matsayin mataki mai zaman kansa ba sai a watan Janairun 2024.

Ana shiga ta ƙofa biyu. Wani daga sama yake saukowa: an kwantar da shi kwana bakwai ko goma, an sallame shi, amma bai yi ƙarfin da za a bar shi da ganin likita sau ɗaya a wata ba. Wannan yana da muhimmanci, domin bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar da cewa makonnin farko bayan sallama suna cikin lokutan da haɗarin mutum ya kashe kansa ya fi yawa. Wani kuma daga ƙasa yake hawowa: yana ganin likita jefi-jefi, amma abin sai gaba yake yi, ya daina zuwa aji, ya daina wanka, ya rufe kansa a ɗaki, ana so a tare shi kafin ta kai ga gado.

Yadda wuni yake tafiya

Da safe abin da ake fara yi shi ne tambaya. Kowane majinyaci zai faɗi yadda ya kwana, sa'a nawa ya yi barci, ko ya sha maganinsa, sannan a tambaye shi kai tsaye ko tunanin kashe kansa ya zo masa tun rabuwarsu jiya. Wannan tambaya ta kullum ita ce ginshiƙin tsarin. Iyaye da yawa suna tsoron cewa yin ta zai cusa wa yaro tunanin da ba shi da shi, alhali nazarce-nazarcen da aka yi sun nuna ba ta yin haka. Sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin abin da ake ɓoyewa ya sami wurin fita.

Daga nan sai a shiga zaman rukuni, mutum shida zuwa goma sha biyu da mai jagora. Waɗannan zamomi sun fi kama da aji fiye da hira. Akwai darasin da ya samo asali daga aikin Aaron Beck na shekarun 1960, inda ake koya wa mutum ya kama tunanin da ke kashe masa jiki, kamar "kowa ya tsane ni" ko "na riga na lalace", ya rubuta shi, ya auna shi da hujja kamar yadda ake auna zato a ɗakin gwaje-gwaje. Akwai kuma dabarun da Marsha Linehan ta tsara a Jami'ar Washington domin masu yi wa kansu rauni, waɗanda ke koyar da yadda za a jure tashin zuciya har ya lafa ba tare da an aikata abin da-na-sani ba. Ana cin abincin rana tare. Sau ɗaya ko biyu a mako majinyaci zai keɓe da likita a duba maganinsa, sau ɗaya kuma da mai ba shi shawara, sannan akwai zaman da ake gayyatar iyali.

Maganar magani tana buƙatar ƙarin bayani, domin a nan ne amfanin zuwa kullum ya fi fitowa fili. Magungunan ciwon damuwa ba sa aiki nan take. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji. Bugu da ƙari, a 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a jikinsu cewa a makonnin farko suna iya ƙara tunanin kashe kai ga wasu yara, a 2007 kuma ta faɗaɗa gargaɗin ya haɗa da masu shekara 18 zuwa 24. Wannan ba dalilin ƙin magani ba ne, domin ciwon da aka bari ba magani shi ma yana kisa. Dalili ne na sa ido. Likitan da ke ganin yaro sau ɗaya a wata ba zai san abin da ya faru a rana ta tara ba, amma ma'aikatan jinyar da ke ganinsa kowace safiya za su lura idan ya kasa zama wuri ɗaya ko ya daina barci. Haka kuma maganin lisiyom, da ake ba masu hawa da saukar zuciya, sai ana auna yawansa a cikin jini, saboda tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba ba ta da faɗi.

Shin yana aiki? A 2011 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta haɗa gwaji goma da suka ƙunshi mutum 2,685, inda aka kwatanta asibitin wuni da kwanciya. Ba a sami bambanci ba wajen yawan waɗanda ciwon ya sake mayar da su asibiti, sai dai jinyar 'yan wuni ta fi daɗewa. Amma a lura da sharaɗin: waɗanda aka sa a gwajin an riga an tace su, an fitar da masu tsananin haɗari. Ƙiyasin da masu binciken suka yi tun farko shi ne tsarin zai dace da kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, ko sama da haka kaɗan, na mutanen da ake kwantarwa. Sauran gado suke buƙata. Wanda ya riga ya tsara yadda zai kashe kansa kuma yana da niyya, da wanda ke barazana ga rayuwar wasu, da wanda ya daina ci da sha, da wanda ya rikice har bai san inda yake ba, da wanda jikinsa ke karkarwa saboda yanke giya ko ƙwaya, duk waɗannan ba 'yan jeka-ka-dawo ba ne. Idan iyaye suka ga ɗaya daga cikin waɗannan, sashen gaggawa za su nufa a wannan sa'ar. A Amurka tun watan Yulin 2022 akwai lambar waya ta 988 da ake kira dare da rana saboda irin wannan hali.

Sauran sa'o'i 138

Yanzu mu yi ɗan lissafi, wanda a ganina shi ne zuciyar wannan darasi. Mako yana da sa'a 168. Idan matashi yana zuwa asibiti kwana biyar, sa'a shida kowace rana, ya yi sa'a 30. Saura 138, kuma duk a gida zai yi su. Ko an cire sa'a 56 na barci, in ma yana samun barcin, akwai sa'a 82 da zai yi ido biyu a tsakanin iyayensa da 'yan'uwansa. Wato asibiti bai ɗauki ko kashi ɗaya cikin biyar na makon ba. Duk iyayen da suka zaɓi wannan tsari, su sani sun karɓi aikin dare da na Asabar da Lahadi, kuma shi ya sa likita ke tambayar yanayin gida kafin ya amince: wa zai kwana da shi, wa zai kawo shi da safe, akwai mai shaye-shaye ko duka a gidan?

Aikin farko na gida shi ne nisanta abin halaka. Tunanin kashe kai yakan zo ne kamar guguwa, ya yi tsanani na ɗan lokaci sannan ya lafa, kuma abin da ke kusa da hannu a wannan ɗan lokaci shi ke yanke hukunci. A Amurka fiye da rabin masu kashe kansu da bindiga suke yi, don haka abin da ake fara gaya wa iyaye shi ne su fitar da ita daga gida. Ƙasar Siri Lanka ta ba duniya darasi a kan wannan: bayan ta haramta magungunan ƙwari mafiya guba, yawan kisan kai ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. A gidajenmu abin da ya yi daidai da wannan shi ne fiya-fiya, da shinkafar ɓera, da maganin feshin gona, da tarin ƙwayoyin da ake ajiyewa a kan taga. A kulle su, maganin majinyacin kansa kuma ya zauna a hannun babba, a riƙa ba shi na rana ɗaya-ɗaya.

Aiki na biyu ya fi wuya, domin ya shafi harshe. A ƙarshen shekarun 1950 wani masanin zamantakewa a Landan, George Brown, ya lura da wani abin mamaki: masu sikizofireniya da aka sallama suka koma wurin iyayensu ko matansu sun fi saurin komawa asibiti a kan waɗanda suka kama haya ko suka zauna da 'yan'uwa. Da aka zurfafa bincike sai aka gano abubuwa uku a cikin maganar mutanen gida da ke tafiya tare da dawowar ciwon: yawan suka, da nuna ƙiyayya, da kuma kulawar da ta wuce kima har ta shaƙe mutum. A 1976 Christine Vaughn da Julian Leff suka haɗa alƙaluma: cikin wata tara, ciwon ya dawo wa kashi 51 cikin 100 na waɗanda ke gidaje masu wannan zafi, amma kashi 13 kacal a gidajen da ke da sanyin magana. Abin da ya fi jan hankali shi ne, a cikin gidaje masu zafin ma, waɗanda ke zaune ido da ido da dangi fiye da sa'a 35 a mako kashi 69 ne ciwon ya dawo musu, waɗanda ba su kai haka ba kuwa kashi 28.

Kada a fahimci wannan a karkace. Iyaye ba su ne suka jawo ciwon ba, kuma sukar da uwa ke yi galibi daga tsoro da gajiya take fitowa. Ta ga ɗanta kwance har azahar, ta ɗauka lalaci ne, alhali mutuwar jiki alama ce ta ciwon kamar yadda zazzaɓi yake alamar maleriya. Abin da binciken ya nuna shi ne ƙwaƙwalwar da ke farfaɗowa ba ta jure hayaniya, kamar yadda ƙafar da aka ɗora ba ta jure gudu. Kuma a nan ne aka ga wani amfani na asibitin wuni da ba a yi zato ba: sa'o'i talatin da yaro ke yi a waje suna rage zaman ido da ido, uwa ta sami numfashi, uba ya je aikinsa, a haɗu da yamma kowa ya ɗan huce. A zaman iyali kuma ana koya wa mutanen gida su riƙa faɗin buƙata ɗaya a lokaci ɗaya, a taƙaice, su bar jayayya da abin da majinyaci ya yi imani da shi na ruɗu, su yaba ƙaramin ci gaba ko da wanka ne ya yi ba a ce masa ba.

Akwai wani shinge da iyaye a Amurka suke cin karo da shi, wanda zai ba mai karatu na nan mamaki. Da zarar yaro ya cika shekara 18, doka ta ɗauke shi baligi mai cin gashin kansa. Ba za a sa shi a asibitin wuni ba sai da yardarsa, kuma bisa dokar sirrin majinyata ta 1996, likita ba zai gaya wa iyaye abin da ke cikin fayil ɗinsa ba sai ya amince, in ban da inda ake tsoron wani haɗari babba na nan kusa. Abin dariya kuma abin takaici, tun 2010 doka ta yarda yaro ya zauna a inshorar iyayensa har shekara 26, saboda haka uba yana iya zama shi ke biya amma a ce ba za a gaya masa komai ba. Mafita biyu ce. Ta farko, tun ranar shiga a roƙi matashin ya sa hannu a takardar izini, ko da taƙaitacciya ce, wadda za ta ba da damar a sanar da iyaye ko ya zo, da wane magani yake sha, da abin da za a yi in hali ya ɓaci, ba tare da an buɗe abin da ya faɗa a keɓe ba. Ta biyu, dokar ta hana likita faɗa ne, ba ta hana shi saurare ba. Uwa tana iya kira ta ce kwana uku ke nan bai runtsa ba, ko ta ga yana rarraba kayansa, kuma wannan labari yana iya canza hukuncin likita a ranar.

Kafin iyaye su amince da wata cibiya, akwai abubuwan da ya dace su tambaya. Sau nawa likitan ƙwaƙwalwa zai ga ɗansu a mako? Rukunin na sa'anninsa ne, ko za a zaunar da ɗan shekara 19 cikin masu shekara 50? Idan yana shaye-shaye, za a haɗa maganin biyun ko za a ce ya je wani wuri? Wa za a kira da ƙarfe biyun dare? Sannan tambayar da aka fi mantawa da ita: ranar da aka gama, wa zai karɓe shi, kuma an riga an sa ranar ganin likita na gaba?

Ƙauyen Aro

A watan Oktoban 1954, shekara tara kafin dokar Kennedy, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani gwaji a Aro, kusa da Abeokuta. Lambo, wanda ya yi karatu a Birmingham da asibitin Maudsley na Landan, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa na zamani. Ya dawo gida ya tarar ginin asibitin bai kammala ba, mutane kuma suna tsoron wurin. Sai ya shawo kan mutanen ƙauyuka huɗu da ke kewaye su ba marasa lafiya hayar ɗakuna. Sharaɗinsa shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwa mai jinya, uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa kaya, ta rako shi asibiti da safe, ta mayar da shi da yamma. Ma'aikatan jinya suna nan cikin ƙauyen dare da rana, ƙauyawa kuma suka sami kuɗin haya da gyaran ruwan sha da tsafta. Ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya cikin aikin a ƙarƙashin kulawarsa, abin da ya jawo masa surutu daga wasu abokan sana'arsa. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Idan muka auna Aro da lissafinmu na ɗazu, za mu ga Lambo ya warware matsalar sa'o'i 138 ta wata hanya. Tsarin Amurka yana mayar da majinyaci gida ya bar iyaye da waya a hannu. Lambo ya ɗauko gida ne ya kawo shi bakin asibiti, mai jinya tana ganin abin da likita ke yi kullum, tana koyo, kuma ranar da za su koma garinsu akwai mutum ɗaya a dangi da ya san ciwon da maganinsa.

A Arewa muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sassan da ke asibitocin koyarwa. Amma ƙwararrun likitocin wannan fanni a duk Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Inda babu mataki na tsakiya, iyayen da suka rasa yadda za su yi sukan kai yaro gidan mari, kuma duniya ta ga abin da hakan ke iya haifarwa a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A watan Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci na a yi masa magani da mutunci.

Ko da asibitin da ke kusa ba shi da sashen wuni mai suna, iyali suna iya roƙon likita ya tsara musu abin da ya yi kama da shi. Idan ya ga yaron bai kai ga gado ba amma wata guda ya yi nisa, a tambaye shi ko za a iya kawo shi sau biyu ko uku a mako a makonnin farko. Waɗanda suka zo daga nesa su sauka gidan dangi a cikin garin na ɗan lokaci maimakon su koma ƙauye da ledar magani. A zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri da yaron ke jin maganarsa, ko kawu ne ko yaya, ya zama shi ke shiga wurin likita kowane zuwa, yana riƙe da ɗan littafi da yake rubuta sa'o'in barci, da abin da aka ci, da maganin da aka sha, da duk wata magana da ta tayar masa da hankali, ya miƙa wa likita kafin a fara duba yaron.